Hanyar Gusau zuwa Sakkwato: Titi na bin tudu, arziki na kwance a fadama

Duk wanda ya saba tashi daga Gusau zuwa Sakkwato a mota ya haddace jerin garuruwan kamar karatun allo: Bunguɗu, Maru, Mayanci, Talata Mafara, Lambar Bakura, Tureta, Dange, Shuni, sannan Birnin Shehu. Tafiya ce ta kilomita 200 da ɗoriya, kuma Mafara ce ke kusa da tsakiyarta, shi ya sa nan ne direbobi suka fi tsayawa a yi salla a ci abinci. A takardun Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya sunan hanyar A126, amma babu direba ko ɗan kamasho da ke kiran ta haka. A 'yan shekarun nan ma matafiyi bai cika ɗaga kai ya kalli gefen titi ba, hankalinsa na kan agogo, burinsa ya isa kafin rana ta faɗi.

Da zai ɗaga kan, zai lura cewa ba shi kaɗai ke wannan tafiya ba. Akwai abokin tafiya da ya riga titin da dubban shekaru, wato Gulbin Sakkwato. Gulbin ya taso ne daga yankin Funtuwa a Jihar Katsina, ya ratsa Gusau da Bunguɗu, ya nufi arewa maso yamma ta ƙasar Maradun da Mafara da Bakura, ya haɗu da Gulbin Rima kusa da Sakkwato, sannan ya karya kudu ta Argungu da Birnin Kebbi har ya zuba a Kogin Kwara. Daga Maru zuwa gaba, mai nufar Sakkwato yana da gulbin a hannunsa na dama. Wani wuri su kusanci juna, wani wuri su yi nisa, amma titin bai yarda ya sauka cikin kwarin gulbin ba. Yana bin tudu, ya bar garuruwan fadama can ciki, kowanne da 'yar hanyarsa da ke fitowa ta same shi.

Wannan tazara da ke tsakanin titi da gulbi ita ce ke bayyana yawancin abin da ya faru a wannan yanki cikin shekaru ɗari da suka wuce, kuma ita ce ke shiga farashin buhun shinkafar da ɗan kasuwa ke saya a Gusau ko Sakkwato.

Kafin zuwan mota, hanya tana bin ruwa ne, domin ayarin jakuna da raƙuma ba ya wuni biyu babu mashaya. Garuruwan da suka yi suna a wannan kwari duk a bakin gulbi ko fadama suka kafu. A ƙarshen shekarun 1780 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma cikin wuraren da ya zauna har da Faru, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Maradun. Bayan jihadi, a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, an ƙarfafa garuruwa irin su Bakura da Gandi a matsayin ribaɗi, wato sansanonin tsaron iyaka da ake zama a yi noma a kuma tsare hanya. Dalilin ba boyayye ba ne. Ɗaya hanyar da ke haɗa Sakkwato da Katsina da Kano ta arewa tana ratsa Dajin Gundumi, daji marar ruwa da fatake ke shiga da fargaba, wanda Turawan da suka ratsa shi, Kilafaton a 1824 da Bat a 1853, duk sun rubuta irin wuyar da suka sha. Kwarin gulbi kuwa yana da ruwa da abinci da garuruwa masu ganuwa. Sarautun yankin har yau suna ɗauke da wancan tarihi: Sarkin Burmin Bakura, Sarkin Kayan Maradun, Sarkin Mafara.

Abin da ya sauya taswirar shi ne jirgin ƙasa. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, kuma bayan shekaru ashirin da 'yan kai suka ja layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Bai taɓa isa Sakkwato ba, har yau. Saboda haka duk gyaɗa da auduga da fatu da ƙiragan da lardin ke fitarwa sai an kai su Gusau ko Ƙaura kafin su hau jirgi zuwa bakin teku, kuma duk gishiri da yadi da kananzir da ke shigowa sai sun sauka a can a loda su a mota. Gusau ta tashi daga gari matsakaici ta zama cibiyar kamfanoni da kanti-kanti, hanyar da ke haɗa ta da hedikwatar lardi kuma ta zama jijiyar da ba a wasa da ita.

Mai shata hanyar mota ba irin tunanin madugun fatake yake yi ba. Shi ruwa abokin gabansa ne. Ƙasar fadama laka ce, tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, duk abin da aka shimfiɗa a kanta sai ya karye. Kowane rafi da ke gangarowa zuwa gulbi yana buƙatar kwalbati ko gada, kuma rafukan sun fi faɗi a kusa da bakin gulbi. A kan tudu kuwa ga marmara a kusa wadda za a haƙa a yi burji da ita, ga ƙasa mai tauri, ga ruwan sama na gangarewa da kansa. Don haka aka ja titin ta bayan garuruwan fadama. Daga yammacin Mafara ma sai ya rabu da gulbin gaba ɗaya: gulbi ya ci gaba ta Bakura da Gandi, titi ya yanke ta Tureta da Dange. Bakura, wadda a da ke kan hanya, ta wayi gari a gefe.

Daga nan ne kalmar "lamba" ta samu gindin zama a bakin mutanen wannan shiyya. Inda Bakano zai ce kwana, a nan lamba ake cewa: Lambar Bakura, Lambar Tureta. Lamba ita ce mahaɗar da ƙaramar hanya ke fitowa ta sami babban titi, kuma da yake a nan ake sauke fasinja a ɗauki kaya, sai masu shayi da masu tsire da masu faci suka kafa rumfuna, rumfunan suka zama gidaje, gidajen suka zama gari. Talata Mafara ce ta fi kowa cin gajiyar wannan tsari domin titin ya ratsa ta. Kasuwarta ta ranar Talata, wadda garin ya samo sunansa daga gare ta, ta zama matattarar amfanin gonar ƙananan hukumomi uku da ma fiye.

Sai kuma aka zo aka taɓa gulbin kansa. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya cika baitulmali kuma fari ya addabi Arewa, Gwamnatin Tarayya ta yanke shawarar datse Gulbin Sakkwato a Bakolori, tsakanin Mafara da Maradun. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda aka kafa a 1973, ita ce mai aikin, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kuma shi ne ɗan kwangila. An kammala madatsar a 1978. Tsawon bangonta ya kai kilomita biyar da rabi, tsayinsa a tsakiya mita 48, tafkin da ya taru a bayansa na ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Manufar ita ce a shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun: kimanin hekta 8,000 ta hanyar magudanan da ruwa ke gangarowa da kansa, sauran 15,000 kuma da injinan feshi masu aiki da lantarki.

Aikin ya zo da nasa hanyoyin. Ba a iya kai siminti da ƙarfe da manyan katafila cikin fadama sai an yi musu hanya, ba a kuma iya kula da magudanar ruwa sai da hanyar burji a gefenta. Cikin 'yan shekaru aka saƙa wa kwarin hanyoyi fiye da duk abin da ya samu tun zuwan Turawa. Sai dai ba don jama'ar ƙauyukan aka shata su ba, don aikin aka shata su, kuma mutanen da suka ga katafila na bi ta cikin gonakinsu sun fahimci haka tun da wuri.

Dubban manoman da tafkin ya cinye wa gidaje da gonaki an kwashe su zuwa sabbin matsugunai a kan tudu, inda ƙasa ba ta kai wadda suka baro albarka ba. Waɗanda ke cikin filin ban-ruwa kuma an karɓe gonakinsu na tsawon shekaru ana daidaita ƙasa, an sare musu itatuwan amfani irin su ɗorawa da kuka, an hana su shuka, diyya kuwa ta zo a makare, ta zo a gutsure, wasu ba ta zo musu ba sam. Sun kai kuka ga masu sarauta da jami'an hukumar, sun kai ga gwamnan Jihar Sakkwato na lokacin, Shehu Kangiwa, domin a wancan zamani babu Jihar Zamfara. Da suka ga alkawari ya ƙi zama kuɗi, sai suka juya ga abin da ke hannunsu, wato hanya. Daga 1979 zuwa farkon 1980 manoma suka riƙa datse hanyoyin da ke shiga wuraren aikin, suna hana motocin kamfani da na hukuma wucewa. Birnin Tudu, a ƙasar Bakura, na cikin garuruwan da suka zama cibiyar wannan turjiya.

A ƙarshen watan Afrilun 1980, a zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. An buɗe wuta, an ƙona gidaje da rumbuna a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Rahotannin da ba na gwamnati ba sun kai adadin sama da 380. Dokta Yusufu Bala Usman ya tattara takardu kan lamarin a wani littafi da ya fito a 1982, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin Bjorn Beckman kuma ya yi nazari mai tsawo a kansa. Yaran da aka haifa a shekarar sun haura arba'in yanzu, kuma da yawa daga masu bin babban titin ba su san cewa 'yan kilomitoci kaɗan daga inda suke sayen rake da dankali an taɓa yin wannan ɓarna ba.

Akwai wata asarar da ba ta yi ƙara ba. Manoman da ke ƙasa da madatsar, daga Bakura zuwa wajen Gandi, sun dogara ne da ambaliyar da gulbi ke yi kowace damina, wadda ke jiƙa fadama ta bar mata sabuwar laka. Da aka datse gulbin sai ambaliyar ta ragu. Binciken da masanin ƙasa W. M. Adams ya yi a farkon shekarun 1980 ya nuna yadda noman shinkafa da na rani da kamun kifi suka ja baya a waɗannan ƙauyuka, mutane suka koma gero da dawa, wasu suka bar gida. Injinan feshin da aka kashe maƙudan kuɗi a kansu su ma ba su yi nisan kwana ba, rashin lantarki da kayan gyara ya kwantar da su. Abin da ya rayu shi ne ɓangaren magudanai, kuma shi ne har yau ke fitar da shinkafa da masara da alkama da tumatir da albasa da tattasai. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na kusan dala miliyan 500 domin farfaɗo da wasu manyan ayyukan ban-ruwa na Arewa, kuma Bakolori na sahun gaba a cikinsu.

To, ta ina wannan amfani ke fita? A nan ne ma'aikacin gwamnati ya kamata ya saurara da kyau. Buhun shinkafar da aka casa a gonar da ke kusa da Birnin Tudu yana bin hanyoyi masu iyayengiji daban-daban kafin ya isa kasuwar Gusau. Hanyar gefen magudana ta hukumar raya koguna ce, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar albarkatun ruwa ta tarayya. Hanyar da ke haɗa ƙauye da ƙauye nauyin ƙaramar hukuma ce. Wadda ke fitowa daga hedikwatar ƙaramar hukuma zuwa lamba galibi ta jiha ce. Babban titin kuwa na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ne, faci da gyaransa na hukumar FERMA da aka kafa a 2002. Kowanne da kasafinsa, kowanne da shekarar da yake tunawa da nasa yankin. Idan kwalbati ɗaya ya karye a kan hanyar da ba a tantance mai ita ba, babbar mota ba za ta shiga ba. Sai a ɗauko kayan da babur ko amalanken shanu zuwa inda mota ke iya tsayawa, a sauke, a sake lodi, kowane sauki da lodi da kuɗinsa. Shinkafa na iya jure wannan. Tumatir ba ya iyawa. Dillali ya san haka, shi ya sa farashin da yake yi wa manomin da ke can ciki ya sha bamban da wanda yake yi wa na bakin titi, kuma ba a ce ya yi zalunci ba, lissafin hanya ya yi.

Ba za a ce yankin ya rasa masu faɗa a ji ba. Tun da Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoban 1996, uku daga cikin gwamnoninta farar hula 'yan waɗannan ƙananan hukumomi uku ne: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara ashirin ke nan cif. An yi tituna a zamaninsu, babu mai musun haka, kuma garuruwan nasu sun samu manyan makarantu da gine-gine. Amma yin titi daban, riƙe shi daban. Sabon titi ana yanka masa kyalle a gaban 'yan jarida, yashe kwalbati kafin damina kuwa babu wanda ke ɗaukar hotonsa, alhali shi ne ke raba titin da zai yi shekara ashirin da wanda zai yi biyar.

Shi kansa babban titin yana ɗauke da nauyin da ba don shi aka gina shi ba. Tun da jirgin Ƙauran Namoda ya daina zama abin dogaro, duk man fetur da siminti da taki da ke zuwa Sakkwato da wani ɓangare na Kebbi, da dabbobi da albasar da ke fitowa daga can, a kan tayoyin tanka da tirela suke tafiya. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa ɓarnar da mota ke yi wa kwalta ba ta tafiya daidai da nauyinta, ninkawa take yi: idan nauyin da ke kan gatari ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar na iya ninkawa wajen sau goma sha shida. Tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce kima ta fi dubban ƙananan motoci cin titi. Ramin da ya buɗe kuma ba taya kaɗai yake fasawa ba. A wannan zamani duk inda mota ke rage gudu dole, wuri ne da direba ke shiga da addu'a.

Matsalar tsaro ta bi sawun tazarar nan ta tsakanin titi da gulbi. Jami'an tsaro sun fi yawa a kan babban titi da lambobinsa, 'yan bindiga kuma sun fi sakewa a inda motar sintiri ke shan wuyar shiga. Shekarar 2021 kaɗai ta isa misali. A watan Fabrairu aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. A ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai sama da 70 daga makarantar sakandare ta Kaya a Maradun. A watan ne aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana safarar dabbobi. Ko me mutum zai ce game da amfanin waɗannan matakai, ɗan kasuwa ya ga abin da ke faruwa idan aka toshe lamba: kaya na ruɓewa a ƙauye, farashi na hawa a birni, duk a mako guda.

Yanzu Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar mayar da hanyar tagwaye tun daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har Sakkwato, an raba aikin kashi-kashi tsakanin kamfanoni. Duk wanda ya taɓa rasa ɗan'uwa a karon gaba da gaba a wannan hanya ba zai raina aikin ba. Amma tagwayen titi yana da halinsa. Yana da shinge a tsakiya, ba a tsallaka shi ko'ina sai inda aka bar mashiga. Yana ƙara wa mota gudu, wanda ke nufin mai wucewa ya rage tsayawa. Yakan kuma ɗaga sama da ƙasar da ke gefensa, ya zama kamar ƙaramar madatsa, ruwan da ke gangarowa daga kudu zuwa gulbi sai ya bi ta kwalbatocin da aka bar masa, idan sun yi kaɗan ya koma cikin gonaki da gidaje.

Waɗannan abubuwa a kan takardar zane ake yanke su, kuma gyaransu bayan an zuba kankare yana da tsada. Shugabannin ƙananan hukumomin Mafara da Bakura da Maradun, da ƙungiyoyin direbobi, da na manoma masu amfani da ruwan Bakolori, da shugabannin kasuwar Talata, suna da damar neman ganin zanen tun aiki bai iso ƙofarsu ba: a ina aka sa wurin juyawa a Lambar Bakura, kilomita nawa motar da ta ɗauko tumatir daga Birnin Tudu za ta yi a kan hannun da ba nata ba kafin ta samu ta juya zuwa Gusau, ina aka ware wa manyan motoci su tsaya su yi lodi ranar Talata, kuma kwalbati nawa aka tanada tsakanin Mayanci da Mafara.